Giga Takwas a Bikin Hadiza

Ba zan taɓa mantawa da wunin bikin Hadiza ba. Ko ni na so in manta, matan unguwarmu a Matameye ba za su bari ba.

Hadiza ɗiyar yayana ce, marigayi Yaya Laminu, mutumin da ya riƙa kai ni lakwal a bayan kekensa har na zama mushe, wato malamin makaranta, mai koyar da lissafi. Bayan rasuwarsa, matarsa Hajiya Rabi, wadda ta shekara ashirin tana sakatariya a meri, ofishin magajin gari, ta miƙo mini kwamfutarsa ta hannu. Ta ce, "Riƙe, kai za ta yi wa amfani."

Tsohuwa ce, baƙa, mai nauyi. Batirinta ya mutu tuni, sai an jona ta da kuran, wato lantarki, take tashi. In ka kunna ta, za ka iya ɗora shayi ya tafasa kafin ta gama buɗe ido. Amma a gefen da Yaya yake aza hannunsa fenti ya koɗe, kuma daidai nan nake aza nawa. Shi ya sa ban taɓa tunanin rabuwa da ita ba.

A cikinta na tarar da wani ɗan bidiyo na minti uku, na ranar da Hadiza ta ci jarrabawar brebe. Yaya na zaune a tabarma, yana tsokanarta, yana dariyar nan tasa mai girgiza kafaɗa, daga ƙarshe ya sa mata albarka. Da aka sa ranar aurenta na ce to, ga gudummawata. Zan sa ta ji muryar babanta kafin a kai ta ɗakinta.

Matsalar ita ce bidiyon yana tsinkewa, ya tafi ya tsaya, ya tafi ya tsaya. Hajiya Rabi ta ce, "Ka zuba shi a kile mana, 'yar ma'adanar nan ta USB, mu sa a tele, a huta." Na ce a'a, injin Yaya ce za ta nuna Yaya. (Rabin maganar gaskiya ce. Ɗaya rabin, so nake a ga na iya.)

Wani abokin aikina ya ce ram ne ya yi mata kaɗan, wato ɗan siririn allon nan kore da kwamfuta ke riƙe aikin da take cikin yi. Nata giga biyu ne. Na ɗauki hotonsa a waya, na shiga mota sai Damagaram.

Mai shagon ya dubi hoton, ya ce, "Mushe, ina injin? Ko lambarta ka rubuto?"

Na ce, "Malam, lissafi nake koyarwa. Takwas ta fi biyu. Ba ni mafi girma, mafi gudu, in dai zai shiga ramin."

Ya ce, "Zai shiga. Amma tsofaffin nan ba kowace ce ke ɗaukar takwas ba."

Na yi masa irin murmushin da nake yi wa ɗalibin da bai yi karatu ba. Na karɓi giga takwas, an rubuta gudunsa a jiki, dubu ɗaya da ɗari shida, na dawo gida ina jin kaina.

Ranar wunin, tun asuba babu kuran. Na kife injin a kan gado, na kwance ta da turnabis, na zare tsohon ram, na danna sabon, ya yi ƙas. Tsohon na jefa shi a kwalin ashana na aza a kan armuwar ta tufafina. Ban gwada ba. Da me zan gwada? Kuma ni a wajena, abin da ya yi ƙas ai ya zauna.

Bayan la'asar aka tayar da injin wuta a gidan Hajiya Rabi. Tsakar gida ta cika maƙil, dangi daga Kance, daga Kurni, har da na Yauri. Aka jona mini babbar tele da lasifikar masu kiɗa. Da na kunna shiru-shiru da abin ya zo da sauƙi. Ina! Sai da na karɓi mikro.

Na ce, "Jama'a, wannan injin ta marigayi ce. Ni da hannuna na ƙara mata ƙarfi ninki huɗu. Giga takwas!" Wata ta rangaɗa guɗa. Hadiza, da ke zaune tsakiyar ƙawayenta, ta ɗage mayafinta ta zuba wa tele ido.

Na danna. Fankar cikinta ta juya. Allo baƙi ƙirin. Na sake dannawa. Sai injin ta fara kuka, tiit, tiit, tiit, kuma da yake mikro na hannuna dab da ita, kukan ya fita ta lasifika har bakin titi. Wata tsohuwa 'yar Kurni ta tambayi ta kusa da ita, da ƙarfi, "Wannan ne giga takwas ɗin?"

Dariya ta ɓarke. Gumi ya jiƙa mini wuyan babbar riga. Amma ba dariyar ce ta soke ni ba. Hadiza ce, da na ga ta mayar da mayafinta a hankali ta sunkuyar da kai.

Hajiya Rabi ta taso, ta rage murya (mikro dai bai rage komai ba). "Nawa ka sa a rami ɗaya?"

"Takwas, Hajiya."

"Ba ta ɗauka. Ramuka biyu gare ta, huɗu-huɗu ne iyakarta. Kuma ko dubu nawa aka rubuta a jikinsa, da nata gudun za ta tafi. Yayanka ma ya taɓa yin haka, kwana uku ba ya jin daɗin tuwo. Juya ta ka gani."

Na juya. A ƙarƙashi, dab da murfin da na kwance da safe, ga 'yar takarda manne da salatif da ya yi ja. Rubutun Yaya ne, mai karkata zuwa hagu: huɗu da huɗu, kar a wuce. Shekara huɗu ina ɗauke da injin nan ban karanta ba. Na tsaya ina kallon rubutun, kamar ya leƙo ne ya ce, "Ƙanena, har yanzu ba ka tambaya?"

Na tattare riga na haye kabu-kabu zuwa gida. Na dawo da kwalin ashana, na mayar da tsohon ram a gaban kowa. Injin ta ɗauki lokacinta kamar kullum, babu wanda ya yi tari. Sai ga muryarsa: "Hadiza, zo nan, 'yar brebe!"

Yana tsakiyar dariya hoton ya tsaya cak. Baki buɗe, ido a lumshe, hula ta karkace. Ya daɗe a haka. Ni ina jiran a sake yi mini dariya, amma kowa ya zuba wa fuskarsa ido. Hadiza ta taso da kayan amarcinta, ta durƙusa gaban tele tana kallonsa. Hajiya Rabi ta juya baya tana gyara ɗankwali da bai kwance ba. Sau uku ya tsaya kafin ya kai ga sa albarka, kuma duk sau ukun babu wanda ya so ya ci gaba da wuri.

Daga baya na koma Damagaram, wannan karon da injin a jaka da kaina a ƙasa. Mai shagon ya sa mata huɗu da huɗu, bai goranta mini ba, Allah ya saka masa. Yanzu bidiyon yana tafiya sumul, minti uku cif, sai ka ga Yaya ya zo ya wuce kafin ka ƙoshi da ganinsa.

Abin da na koya? Kafin ka ƙara wa tsohon abu ƙarfi, ka tambayi iya abin da yake ɗauka, ka gwada a ɗaka kafin ka karɓi mikro. In kuma ka shigo Matameye kana nemana, kar ka wahalar da kanka da sunana na yanka. Ka ce gidan Giga Takwas, har ƙofa za a raka ka.