Zoɓon Burushi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da surukina ya sha zoɓo a falona ba, kuma ko na so in manta, dangin mijina ba za su bar ni ba.

Lokacin ban daɗe da tarewa a Talata Mafara ba. Na ci karo da wata gasa ta masu zane a intanet, wai kowa ya zana tatsuniyar garinsu da fentin ruwa. Ni kuwa tun ina makaranta ake fasa mini kai cewa ina da hannu, sai na ce ai wannan tawa ce. Na zaɓi tatsuniyar da kakata ke ba mu a Bakura, ta kurar da ta lulluɓa da jan zane kamar amarya, ta bi ayarin 'yan biki don ta kai ga awaki. Jan zanen nan shi ne ran hoton. Na yi ta shafa ja, in wanke burushi a ruwa, in sake shafawa, har ruwan ya yi jawur.

Ga inda wautar take. Ban sami gwangwani ba, sai na ɗauko kofin gilashi cikin kayan jerena, irin wanda ba a fito da shi sai an yi babban baƙo. Da aka kira azahar na kwashe takardu da fenti na kai ɗaki, kofin kuma na rufe shi da ɗan faifai don kada mage ta ɓarar, na bar shi a kan tebur. (A kan tire ma. Har yau ban san wanda ya aike ni ba.)

Ina sallame salla na ji muryar maigidan tare da ta wani dattijo. Mahaifinsa ne ya zo daga Maradun, zuwansa na farko tun bayan biki. Mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba, ko sunansa ba ya fita daga bakina. Na gyara hijabi, na lallaɓo na durƙusa a bakin ƙofa ina son in nuna an yi mini tarbiyya. Da na ɗan saci kallo sai na ga kofin a hannun Baba, faifan yana gefe.

Maigidan kuwa sai washe baki yake. "Ka gani Baba, kamar ta san kana tahe, har zoɓo ta aje."

Ta ina zan fara? Suruka ba ta katse gaisuwar surukinta, balle ta ce masa ajiye kofin nan. Baba ya yi bisimilla ya kurɓa. Ya ɗan dakata, ya dubi kofin, sannan ya dube ni.

"Ɗiyata, muna lahiya? Ina gajiya? Yaya mutanen Bakura?"

"Lahiya lau, Baba."

Kowace gaisuwa da kurɓarta. Na yi ta ƙifta wa maigidan ido, shi kuma ya ɗauka kunya ce ta amare, yana ta gyaɗa mini kai wai in saki jiki. Baba ya tambayi mahaifina, ya tambayi kakata (mai tatsuniyar da ta jawo mini), ya tambayi noman rani. Kafin ya kai ga awakin gidanmu kofin ya ƙare tas. Ya share farin gemunsa, wanda ya ɗan yi ja a gefe, ya ce, "Alhamdu lillahi. Allah shi yi miki albarka."

Na ce amin, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Da gudu na je na duba kwalin fentin, na ga an rubuta ba ya cutar da yara, na yi fatan dattawa ma haka. Bayan mun raka shi na gaya wa maigidan gaskiya. Ya yi dariya har da riƙe ciki, can kuma ya tsorata ya buga waya Maradun. Baba lafiyarsa ƙalau. Muka yi shawarar mu rufe maganar, don in ya ji abin da ya sha, kunyar ta zama ta mutum biyu.

Ashe Baba bai rufe tasa ba. Yana isa gida ya ce wa surukata, "Yarinyar ga akwai ladabi, amma ba ta iya zoɓo ba. Ba tsami, ba zaƙi, sai ɗanɗanon alli."

Ba a jima ba sai ga Inna da ƙullin zoɓo da citta da kanumfari, ta zo koya mini. Ni da a Bakura ba a biki a unguwarmu sai an ba ni tukunyar zoɓo! Haka na zauna a gabanta ina "To Inna, na gane Inna," tana nuna mini yadda ake wanke ganye. Har gobe in ana taro a Maradun, ƙannen mijina wanke-wanke suke ba ni, su ce in huta da abin sha.

Gasar kuwa ban ci ba. Wata ma ta rubuta a ƙarƙashin hoton cewa kurar ta yi kyau, sai dai jan zanenta bai kama sosai ba. Ina zai kama, rabinsa yana cikin Baba.

Yanzu a tsohon gwangwanin tumatir nake wanke burushi, mai tsatsa, wanda ko mage ba ta sha'awa. Kuma komai na rufe da faifai a gidan nan, sai na tabbata zan iya shan sa da kaina.