Ruwan Zafi a Kwanon Kyanwa

"Bakinta wari yake, ta tsufa, ko ɓera ta daina kamawa. Daga ci sai barci."

"Na ce miki a ba ta wata guda. In warin bai tafi ba, a nema mata wani wuri."

Bulo ɗaya ne ya raba ɗakin Kaka da na ɗanta da matarsa. Kusan kowa a gidan ya ɗauka ta kurumce, ita ma ba ta taɓa musa musu ba, don haka tana bakin gado ta kwashe komai. Kyanwarta suke nufi, ta sani. Amma da ta sake bin maganganun ɗaya bayan ɗaya, sai ta ga babu wadda ba ta zauna mata daidai ba. Ta jawo filas, ta tsiyaya ruwan zafi a kan busasshen abincin kyanwar, ta zuba wa ƙwayoyin ido suna kumbura.

"Ina gajiya, amarya? Ko har yanzu ana fushi da ango?"

Babban jikanta ne, makaniki, ya leƙo da baƙin mai a farce. Shi ya kai kyanwar wurin likitan dabbobi makon jiya aka kankare mata haƙora, shi kuma ya sayo abincin.

"Wane ango? Wanda sabulu ya yi masa yaji? Cire takalmi, kada ka kwaso min gareji cikin ɗaki."

"Ni da nake haƙuri da ke. 'Yan mata har layi suke yi a wurin aikina."

"Masu tambayar hanya ne."

Ya yi dariya, ya durƙusa zai shafa kyanwar, sai idonsa ya faɗa cikin kwano.

"Kaka, wannan taɓon fa?"

"Abincinta."

"Jiƙa shi kike yi? Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka kawo. Tsakuwa ce fa. A gidanku haka ake ba tsohuwa tsakuwa?"

"Ai tsakuwar ce maganin. Likita ya ce da gangan aka yi ƙwayoyin manya masu tauri, don haƙori ya nutse a ciki, ya goge datti kafin ƙwayar ta fashe. Aswaki ne da ake haɗiyewa. Ke kuma kin mayar da shi katifa."

"Likitan da ya rasa mutane ya koma kan kyanwa."

"Shirya in kai ki. Yana duba tsofaffin awaki ma."

"Akuyar nan ita ta haifi ubanka. Sai ka lissafa kai mene ne."

Ya zauna dirshan a ƙasa yana riƙe ciki. Ita ba ta yi dariya ba. Ta gyara ɗankwali, ta ce da muryar da ba ta wasa ba:

"In ta ciza, a muƙamuƙina nake ji. Lokacin da nawa haƙoran suka fara girgiɗi, shekara guda na yi ina juya nama a baki ina tofarwa a hankici. Babu wanda ya lura."

Jikan ya dubi bango, ya dube ta. Tun yana ƙarami ya gane kunnen Kaka zaɓe yake yi. Ya ɗebo busassun ƙwayoyi daga leda ya shimfiɗa tafin hannu. Kyanwar ta shinshina, ta ɗauki ɗaya, ta karkata kai. Ƙaras. Kaka ta runtse ido tana jiran kuka. Sai ta ji wani ƙaras ɗin, da wani.

"Kin ji? Kamar injin da na gyara."

"To ashe a hanya za ta tsaya."

"Kaka, wata gudan da suka ba ta ya ishe mu, in kin bar ta ta tauna. Kuma tsofaffi biyu na sani a ɗakin nan, duka nawa ne. Ban ga wadda za ta fita ba."

Ta kai hannu bayan kunne.

"Me ka ce?"

"Na ce kin ƙara muni."

"Shi ka gada, ka riƙe shi da kyau."

Ya zubar da jiƙaƙƙen, ya ɗauraye kwanon, ya auna mata busasshe, ya cika wani kwanon da ruwan sha ya ajiye nesa kaɗan. Yana saka takalmi Kaka ta miƙe da ƙyar, ta biyo shi rungume da filas, ta cusa masa a ƙirji.

"Lefe ne? Ai ni ya kamata in kawo."

Sai yanzu ta yi dariya, hannu a kan baki. Ta dafa ƙyauren ƙofa ta ce:

"Tafi da shi garejinka, mijin banza. In yana gabana, hannuna ba zai ji magana ba."