Rasuwar Ɗan Aike, Mai Haɗa Wayata da Rediyon Mota

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, a madadin kaina da 'yata, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan aikina na ɗakin gwajin jini rasuwar Ɗan Aike, wato 'yar na'urar nan mai shuɗiyar fitila da ke soke a ramin cajin motata. Rai ya yi halinsa ranar Talata da safe, kwana goma sha ɗaya ke nan, a danja ta biyu kafin makarantar renon yara. Ya rasu a bakin aiki, yana da shekara biyu da wata huɗu.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, tsawonsa bai wuce babban yatsa ba, amma aikinsa ya fi jikinsa. Da na tayar da mota sai ya yi "ɗil-ɗil", ya lalubo wayata ta Bulutut ko da tana can ƙasan jaka tsakanin tsumma da robar ruwa, ya ɗauki muryar mai magana ya miƙa wa rediyo ta wata tashar da babu kowa a cikinta sai shuuu. Daga nan murya ta fito ta sifikun ƙofa. Yana da ɗan kunne guda da aka maƙala kusa da madubi, da shi yake ɗaukar tawa muryar ya kai. Idan kira ya shigo, da kansa yake amsawa. Saboda shi ban taɓa ɗauke hannu daga sitiyari ba alhali 'yata, 'Yar Lele, tana ɗaure a kujerarta a baya. Duk uwar da ta taɓa tuƙi da yaro ta san wannan ba ƙaramin alheri ba ne.

Abban 'Yar Lele ne ya kawo shi gidan, bayan ya gan ni wata rana na matse waya tsakanin kunne da kafaɗa ina juya kan mota. Bai yi faɗa ba. Ya zauna a gaba da takardar bayani har ya haɗa komai, ya sa lambarsa a cikin madanni guda ɗaya da marigayin yake da shi, ya ce in taya ta fashe ko wani abu ya faru a hanya, in danna in riƙe, zai kira shi kai tsaye. Ban taɓa dannawa ba. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan.

Wata bakwai da suka wuce aka yi wa maigidan canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa. Ya amsa kafin ya shawarce ni, ni kuma na ce ba zan raba yarinya mai ciwon asma da likitan da ya san ƙirjinta ba. Maganganu suka fito waɗanda ba sa komawa ciki. Ya ɗauki akwati ya tafi, na rantse a raina ba ni zan fara kira ba.

Kwana uku da tafiyarsa, na tayar da mota da safe. Rediyona tsohuwa ce, sai an ƙirga goma kafin ta farka. Tana farkawa sai ga muryarsa ta cika motar. Daga ranar, kullum ƙarfe bakwai da kwata, haka marigayin yake kawo mana shi. Waɗannan su ne sautukan da za mu riƙa tunawa da shi:

"Ina 'Yar Lele? An ɗaura bel?"

"An ɗaura, Abba. Kai fa?"

"Ni kujerata ba ta tafiya ko'ina. Tambayi Mama, abin shaƙarki yana cikin jaka?"

Sai in ce, idona a kan titi, "Ki ce masa yana nan, har da na ajiya."

Ita kuma ta ce, "Mama, ai yana jin ki."

Minti ashirin kullum, daga ƙofar gida zuwa ƙofar makaranta. Ta bakin yarinya 'yar shekara huɗu na ji cewa ya rame, ta bakinta ya ji cewa famfon bayi ya daina zuba. Bai taɓa ce mini "na kira ne in ji lafiyarku" ba, ni ma ban taɓa ce masa na gode ba. Amma ina shiga wurin aiki da ƙarfina, ina cewa a raina, ko ba komai mutumin nan shi ya sauko.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Fitilar ta fara ƙyaftawa kamar mai jin barci, murya ta dushe, wani lokaci a ji Abban kamar daga cikin rijiya. Na goge shi, na hura masa iska, na juya shi a raminsa. Ranar Talatar, muna jiran danja, maigidan ya ce, "Ki ce wa Mama wai ranar Asabar…" sai ƙaurin roba ya tashi, fitila ta mutu. Har yau ban san me aka shirya wa Asabar ɗin ba. Ta zo ta wuce.

Na zaci maigidan zai kira ta waya kawai, tunda ita lafiyarta ƙalau. Shiru. Kwana na takwas na kai gawar wurin mai gyaran rediyon mota. Ya buɗe cikinta da ɗan sukundireba, ya kai hanci ya sunsuna, ya ce, "Hajiya, wa ya ba shi lemo?"

Na tuna. Washegarin tafiyar Abbanta, yarinyar ta yi ta kuka a mota, na tsaya gefen titi na ɗauko ta gaba na rungume, lemon kwalin da ke hannunta ya tsiyaye.

Ya ce, "To zaƙin ne ya bushe ya manne madannin a danne. Duk sanda kika kunna mota da sanyin safiya, kafin zafin rana ya sake shi, shi a ganinsa kin danna kin riƙe. Wa yake kira haka kullum? Allah ya sa ba maigidan aikinki ba ne."

Na yi dariya don kada ya kalli fuskata. A nan tsaye, cikin ƙarar guduma, na buɗe jerin kiraye-kirayen wayata, abin da ban saba dubawa ba. Wata bakwai, kowace safiya, kibiyar kira mai fita daga wayata take nunawa. Bai kira ba ko sau ɗaya. Ƙarar shigar kiran tana ƙarewa ne kafin rediyona ta farka, shi ya sa ban taɓa ji ba. Ni ina can ina cewa ya sauko, shi ma yana can yana cewa na sauko. Ashe babu wanda ya sauko a cikinmu sai marigayin, shi ma lemo ne ya tilasta shi. Yanzu kuma maigidan yana ganin na katse shi a tsakiyar magana na yi gaba. Na san halinsa kamar yadda na san nawa, ba zai tambaya ba.

Abu ɗaya zan faɗa don adalci: kafin a ƙirga goma yake ɗagawa, kullum. Na juya wannan a raina har na gaji, ban san inda zan ajiye shi ba.

Marigayin ya rasu ya bar rediyo, wadda ta koma shuuu, da sifiku huɗu, ɗaya dama kurma ce, da ɗan kunnensa da har yanzu yake maƙale kusa da madubi yana sauraron babu, da yarinya guda wadda jiya ta leƙa ƙarƙashin kujera ta ce, "Mama, Abba ya sauka ne ba mu gani ba?" Na ce mata ta gyara zama, bel ɗinta ya karkace.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi da hantsi, bayan na shanya wanki. Za a naɗe shi a tsohuwar safar 'Yar Lele, a kai shi durowar ƙasa ta kicin, inda matattun caja da makullan da ba a san ƙofarsu ba suke kwance. Masu zuwa ta'aziyya su taho da yaransu, amma kada a zo da lemon kwali. Surukata da ƙannen maigidan, ina roƙonku kada wanda ya kai masa wannan labari, kada kuma a ce za a shiga tsakani.

An riga an naɗa magaji. Mai gyaran ya soka sabo, ya sa masa lambar nan kamar yadda na ce, ya tabbatar mini madanninsa lafiyayye ne, ba ya kiran kowa sai an danna. Yau kwana uku yana yin "ɗil-ɗil" ƙarfe bakwai da kwata, fitilarsa shuɗiya tar, tazarar taƙi ɗaya daga gwiwata. Ina ƙirga goma, rediyo ta farka, yarinya ta miƙa wuya daga baya. Ni kuwa hannuwana biyu suna kan sitiyari, kamar yadda ya kamata ga mai ɗauke da yaro.