Jar Ƙasa a Cikin Tsarabar Munzali

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai rayawa Mai kashewa, wanda Ya san inda kowane bawa zai kwanta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu, wanda Madina ta haskaka da zuwansa, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ba zan taɓa mantawa ba da wata Juma'a a Kuala Lumpur, ranar da na zaunar da dattawa na yi musu wa'azi a kan ƙullin ƙasa, har da hawayena.

Aikin ido ne ya kai ni Malesiya. Yanar ido ce ta rufe mini gani, sai autana Munzali, wanda ke digiri na uku a can, ya ce in zo a yi mini a kusa da shi. Na sauka a gidansa a unguwar Taman Melati. Karatun Munzali na tonon kufai ne: a haƙa inda mutanen dā suka zauna, a tankaɗe ƙasar, a karanta rayuwarsu daga fasassun tukwane da gawayi. (A Zariya cewa nake yi tarihi yake karanta, domin na gaji da masu tambayata ko zinariya yake nema.) Ana gama aikin ido ɗaya, ya bar ni a hannun matarsa ya tafi ƙasar Urdun. A can malamansu ke koya wa ɗalibai tono a kufan wata majami'a ta mabiya Annabi Isa, alaihis salam, wadda ake kyautata zaton an gina ta tun kafin a aiko Manzon Allah. Ya ce idan sun tashi zai biya ya yi Umra.

Dole in buɗe wa mai karatu abin da na saba rufewa. Mahaifiyar Munzali a Madina ta cika, shekarar da muka je Hajji tare. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Aka sallace ta a Masallacin Annabi, aka rufe ta a Baƙi'a, inda ba a rubuta suna a kan kabari. Jama'a suka yi ta yi mini barka da irin wannan cikawa, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai na dawo gida da jakarta da takalmanta, ba ni da wurin da zan je in tsaya in yi mata sallama, kuma Allah bai sake nufina da komawa ba. Ni da Munzali ba ma zancenta. Haka aka raine mu: uba ba ya nuna wa ɗansa kewar matarsa, ɗa kuma ba ya tambaya.

Ya dawo ranar Alhamis a gajiye, ya durƙusa ya ajiye jakar tsaraba a gabana: dabino, Zamzam, carbi, da kwalbar turare. Na so in ce, “Ka shiga Baƙi'a?” Abin da ya fito daga bakina shi ne, “Ya hanya?”

Da safe ya wuce makaranta. Ina juya jakar, sai hannuna ya taɓa wata 'yar leda a ƙarƙashin dabinon, an saka ta cikin wata ledar an liƙe. Jar ƙasa ce mai laushi. Akwai rubutun boko a jikinta, amma ido ɗaya yana ɗaure, ɗayan kuma sai a hankali. Ban ma wahalar da kaina ba, domin zuciyata ta riga ta yanke hukunci: yaron ya shiga Baƙi'a ya ɗebo mini, nauyina ya hana shi faɗa, shi ya sa ya tura ta ƙasan dabino don in gani da kaina.

(Ni ne fa na shekara da shekaru ina karantar da cewa malamai ba su so a fitar da ƙasar Harami, kuma addu'a ce ke isa ga mamaci. Duk wannan karatu bai ko yi tari ba a safiyar nan.)

Na ɓare ledar, na sansana, na ji ƙamshin Madina sak. Yanzu na san turaren cikin jakar ne. Na sumbace ta, na ɗora a kan ƙirjina, na zauna ina tuna yadda take tafiya a bayana a harabar masallacin tana cewa in rage sauri.

Bayan an sauko daga Juma'a mukan zauna a wani mamak, wato shagon abinci na Indiyawa Musulmi, kusa da tashar jirgin ƙasa. Akwai Alhaji Bala, ɗan kasuwa mazaunin unguwar Sri Petaling mai kawo wa ɗalibai kayan gida, da Dakta Isyaku, wanda ya zo ƙaro karatu da furfurarsa.

“Allah gafarta Malam, yau fuskarka kamar ta ango,” in ji Alhaji Bala. “Ko idon ne ya buɗe ka ga wata 'yar Malay?”

Na ce masa abin ya fi haka. Na zaro ledar daga aljihu na ajiye tsakanin kofunan shayi, na gyara murya. Na kawo falalar Madina da ta waɗanda ke kwance a Baƙi'a, na yi bayanin biyayyar ɗa nagari wanda ke gane bukatar ubansa ba a faɗa masa ba. Muryata ta karye a tsakiya, suka sunkuyar da kai.

Alhaji Bala ne ya fara miƙo hannu, da “lah” ɗin nan na mutanen Malesiya da ya kama bakinsa. “Malam, ɗan kaɗan lah, gwiwar nan ta hana ni sujada.” Ya naɗe wando, ya jiƙa ƙasar da shayinsa, ya mulke gwiwa. Dakta Isyaku ya shimfiɗa takardar goge hannu ya ce shi tapau zai yi wa uwargida, wato ƙunshin tafiya gida. Na riƙa ɗiba ina rabawa kamar mai rabon goron ɗaurin aure.

Muna cikin haka Munzali ya shigo, ruwan sama ya jiƙa shi sharkaf. Ya durƙusa ya gaida mutane, sannan ya matso.

“Baba, ko kun ga wata 'yar leda a jakar tsaraba? Tun ɗazu nake…”

Idonsa ya sauka a kan teburin, ya wuce kan gwiwar Alhaji Bala.

“Ga ta nan, Allah Ya yi maka albarka,” na ce. “Na gane saƙonka.”

Ya rage murya, amma shagon ya yi tsit, kowa ya ji.

“Baba, samfur ne. Daga ƙarƙashin daɓen cocin na ɗebo, da izinin hukuma. Ɗakin gwaji zan kai a auna shekarun ginin. Ko da hannu ba a taɓa ta. A filin jirgi aka ce kayana sun yi nauyi, na mayar da ita nan.”

Na yi fatan rawanina ya warware ya rufe ni har ƙafa. Dakta Isyaku ya turo ƙunshinsa a hankali zuwa tsakiyar tebur.

“Allah gafarta Malam, alwalata tana nan?”

“Tana nan,” na ce, ban ɗago ba. “Ƙasa mai tsarki ce ko ta ina.” Wannan ce kaɗai fatawar da na bayar daidai a ranar.

Alhaji Bala ya lanƙwasa ƙafa ya miƙe ta. “To ni dai, tsakanina da Allah, har na fara jin sauƙi.”

Muka taho gida ƙarƙashin lema ɗaya. Samfurin ya lalace, sai baɗi idan sun koma tono zai samu wani, kuma shi zai tsaya gaban malaminsa ya yi bayanin yadda shayi ya shiga ciki. Na nemi gafararsa, ya ce ba komai. Ina jin nauyin aikinsa da na ɓata, amma, Allah Ya yafe mini, abin da ya fi ci mini rai shi ne hannuna ya koma wayam.

A bakin ƙofar gida ya tsaya yana kakkaɓe lemar, bai dube ni ba.

“Baba, na shiga Baƙi'a bayan Asuba. Ban san wurin ba. Na tsaya ta ɓangaren da kuka taɓa kwatanta wa Yaya, na yi wa Inna sallama. Na ce mata kuna lafiya, an yi muku aikin ido.”

Na ce, “Tattabarun nan suna nan?”

“Suna nan, Baba, da yawa.”

Ba mu shiga ciki ba sai da aka kira La'asar. Ya ba ni labarin wurin kaf, ni kuma na ba shi labarin kwanakinta na ƙarshe, abin da ban taɓa gaya wa ko ɗaya daga cikin 'ya'yanta ba.

Darasin da na ɗauka da tsufana gajere ne. Idan an kawo maka tsaraba, tambayi mai ita kafin ka kai baki. Idan kuma akwai abin da kake son ji daga ɗanka, buɗe baki ka tambaye shi, kada ka je kana laluben ƙasan jakarsa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya kai mai kewa inda yake kewa. Kai kuma mai karatu, Allah Ya sa albarka a gidanka, Ya raya maka zuriya, Ya tara ka da masoyanka a inda ba a rabuwa. Amin.