Yarinya Mai Uwa Biyu a Rumfa Ta Tara

Jama'a, a tsaye nake wannan rubutu, don sirdin keke ya hana ni zama. Mil goma sha takwas na tuƙa ranar Talata, da Gwaggo Inno a baya, saboda ƙunshin da bai kai tafin hannu ba.

Bari in fara da godiya ga manyanmu na Hukumar Sauƙaƙa Saƙo, Allah ya ƙara musu sauƙi. Mu a Unguwar Atu, in jirgi ya yi kuka a Funtuwa, har kajinmu sukan firgita. Amma Mai Girma Sarkin Rula na Hukumar ya shimfiɗa taswira a tebur, ya ja layi, sai karɓar saƙonmu ya bar Funtuwa, muka faɗa ƙarƙashin Rumfa Ta Tara, can hanyar Malumfashi, bayan rafi biyu. Na yi wa maƙwabcina Shitu ƙorafi, ya ce, "Kai da ka gudu daga aji huɗu me ka sani? A takarda taku ɗaya ne." Na ce to ya ara mini takardar in hau.

Ga abin da ya kai mu. Yayana Enoch yana aiki a masaƙa a Kaduna. 'Yarsa ta fari, Judith, tun ranar da aka yaye ta Gwaggo ta goya ta ta kai ɗakinta, kamar yadda ake yi a kowane gida. Shekara goma ke nan. Gwaggo ce ta yi jinyar ƙyandarta, ita ke mata kitso, ita ke zaginta. Yanzu yarinyar ba ta ganin allo sai ta kusa lasarsa, ga jarrabawar shiga makarantar gaba ranar Litinin. Shi ne uban ya aiko da tabarau.

Mun isa mun tarar da akawu a ƙarƙashin rumfar kwano, da littafi mai kaurin tubali. Ƙunshin kuwa ga shi a kan kantar akawun, ina iya karanta sunan Judith daga inda nake.

Ya ce, "Saƙon yaro sai uwa ko uba. Iya, ke kika haife ta?"

Gwaggo ta ce, "Ni nake riƙonta."

Ya buɗe littafi, ya lashi yatsa, ya juya, ya sake juyawa. "Babu riƙo a nan."

"To ɗan nan, kai a littafi aka rene ka?"

Bai ko ɗaga kai ba. Ya ce a kawo wadda ta haifa, kuma in Asabar ta wuce ƙunshi zai koma inda ya fito.

Ranar Juma'a muka ɗauko Ladidi, matar yayana, wadda ta haifi yarinyar, muka haɗa da Judith ɗin, muka hau bayan motar auduga. Tun a hanya na hango rigima, don na san abin da masu littafin nan suka manta. A garinmu, mai zuwa coci da mai zuwa masallaci, babu macen da ke kiran sunan ɗanta na fari. Shekara goma sha biyu ban taɓa jin sunan Judith a bakin Ladidi ba. In sun haɗu a rijiya, kau da kai take yi kamar ta ga surukinta.

Akawu ya gyara alƙalami. "Ke ce uwar? Faɗi sunan yarinya."

Ladidi ta ja mayafi ta rufe baki, tana kallon ƙasa.

"Baiwar Allah, wannan 'yarki ce?"

Da ƙyar muka ji ta ce, "'Yar Gwaggo ce."

Na matsa na ce, "Matar yaya, don Allah sau ɗaya tak, babu mai ji." Ta harare ni ta ce, "Kai ba mutum ba ne? Gwaggo ba mutum ba ce?" Gwaggo kuwa, wadda ta fi kowa son tabaran nan, sai cewa ta yi, "Ƙyale ta, ba a gidan marasa kunya aka haife ta ba."

Na juya ga akawu. "Malam, kai ɗan fari ne?"

"Ni ne."

"Uwarka ta taɓa kiran sunanka?"

"Uwata ba ta zo karɓar ƙunshi ba."

Judith ta ƙanƙance ido tana neman ta hango ƙunshin, hawaye na zuba. Ladidi ta ga hawayen sarai, amma ta juya tana kallon gonar dawar wani.

Can sai akawu ya yi tari, ya koma ƙarshen littafi. Ya ce, "Wannan ta ce ba ta haifa ba. Wannan ta ce ba tata ba ce. Uba ba ya nan. Ke nan yarinya ba ta da kowa." Fuskarsa ta washe. Ashe akwai shafin marayu, kuma saƙon maraya ana ba duk wanda ya zo da shi. Ya rubuta, Gwaggo ta dangwala yatsa, ya miƙo ƙunshi har da cewa Allah ya jiƙan iyayen. Ladidi ta ce amin, don ba ta san me za ta ce ba.

Nan take Judith ta sa tabarau. Ta kalli Gwaggo, ta kalli Ladidi, sannan ta sunkuya kan takardar da aka ba mu, ta karanta da ƙarfi ba tare da ta lashe ta ba: "Marainiya. Ba uwa, ba uba."

Za ta zauna jarrabawa ranar Litinin, mun gode wa Allah, mun gode wa Hukuma. Abin da ya rage mini shi ne in rubuta wa yayana in yi masa ta'aziyyar kansa. Ina dai roƙonsa kada ya aiko da amsa.