Kunnen da na dogara da shi

Ba zan taɓa mantawa da abin da Buba ya yi mini ba: shekara biyu ya san kunnena ya yi nauyi, ya rufe bakinsa. Buba makaniki ne kamar ni, rumfarsa na jikin tawa a Sintali, tare muka koyi aiki.

Ni dai da kunne nake saita tafet, wato 'yar tazarar nan da ake bari a kan bawul ɗin inji. In ta yi yawa inji ya riƙa ƙas-ƙas, in ta matse bawul ya ƙone. Wasu da geji suke aunawa, wasu su zura reza. Ni kuwa dariya nake musu (aji huɗu na tsaya a firamare, sai na mai da kunne takardar shaidata).

Rannan masu noman rani suka kawo injin ban ruwa na ƙungiyarsu, shugabansu Alhaji Hammadu a gaba. Duk injinansu ni ke dubawa, da su nake ci da gidana. Na buɗe murfi, na juya sukudireba, na ɗaure, na ja igiya. Inji ya tashi. Na dafa shi ina murmushi, na ce, "Ku saurara, kamar agogo."

Alhaji ya sunkuyar da kai. Wani Bamumuye a cikinsu, wanda bai san ana ɓoye mini zancen ba, ya tambaya da ƙarfi ko yanzu ne za a kai wa Buba ya ƙarasa, kamar kullum.

Kamar kullum.

Ashe injin kuka yake kamar ana dukan kwano, kowa na ji ban da ni. Ashe sukan ɗauka daga wurina, su zaga ta baya, Buba ya sake saitawa. Na yi gardama, aka kira shi. Ya ce sai inji ya huce, ba a auna tafet da zafi. Haka muka zauna kusan awa guda, dattawa shida, muna kallon ƙarfe yana sanyi. Da injin ya huce, Buba ya zura reza a tazarar da na saita, ta wuce. Ya haɗa biyu, suka wuce: tazarar ta yi yawa ƙwarai.

Yanzu ina da geji a aljihu. Na gane cewa kunne ba ya sallama in zai tafi, kuma mai shi ne na ƙarshen sani. Alhaji bai janye aikinsa ba, ya ce Buba rufin asiri ya yi mini. Wataƙila. Na daɗe ina juya maganar.

Amma da yammacin ranar da abin ya faru na sami Buba yana wanke hannu da fetur, na ce, "Buba, ka iya gyaran inji, ban musa ba. Amma da ka ja ni gefe ka faɗa mini, kunyar kwana ɗaya zan ji. Kai ka tara mini ta shekara biyu, na sha ta a gaban mutane."