Ɗantsoho da Injin Gahawar Alhaji Sajo

"Injin da zai gagare ni, Bature bai ƙera shi ba tukuna." Kullum abin da Ɗantsoho yake faɗa ke nan a tashar Maigatari, yana kaɗa sifana. Kai da ba ka san shi ba sai ka ɗauka jirgin sama yake gyarawa. Nan kuwa iliminsa kaf bai wuce injin ban ruwa ba: ya ɗura ruwa, ya kafa baki a tiyo ya zuƙe iska, ya ja igiya. Shi ya raɗa wa kansa Injiniya, 'yan tasha kuma suka ƙara masa da Sarkin Kwance-kwance, don duk abin da ya kwance ya ɗaura sai an sami rarar kusoshi.

To, Injiniya ya daɗe yana neman auren Khairiyya, 'yar Alhaji Sajo dillalin shanu. Alhaji ya ƙi cewa e, ya ƙi cewa a'a. Ana nan sai amininsa na Damagaram, Malam Siddiq, ya aiko masa da injin dafa gahawa, irin wanda ake jefa wa ɗan rufaffen ƙoƙon garin gahawa guda, ya tsiyayo kofi ɗaya na mutum ɗaya. Ya kuma ce ran Alhamis in an tashi kasuwa zai biyo ya sha. Aka jona inji, ya yi ta gurnani, ko ɗigo babu. Sabo ne, iska ce a cikinsa, abin da yake so kawai a bi shi da farin ruwa ba tare da ƙoƙo ba. Sai dai a gidan ba wanda ya san haka.

Alhamis da hantsi sai ga Ɗantsoho da akwatin kayan aiki, ba a ma aika masa ba. Alhaji, da yake tsoron jin kunyar amini ya hana shi sukuni, ya ce, "In baƙona ya sha gahawa daga injin nan, ka turo magabatanka."

Zo ka ga Injiniya! A ransa har ya fara zaɓen abokan ango.

Ya ƙwanƙwasa inji, ya kara kunne, ya yanke hukunci cewa datti ne ya toshe hanjinsa. Ya sa aka jiƙo tsamiya, ya tuttula a ma'ajin ruwa ko tacewa bai yi ba. Ya ɗanɗana, ya ji tsami ya yi yawa, ya ce a kawo kanwa. Khairiyya ce ta miƙo ta bayan labule, tana tambaya cikin ladabi ko kunun tsamiya za a dama ko na kanwa, don ta kawo ludayi. Bai kula ta ba. Kanwa na haɗuwa da tsamiya kumfa ya taso ya malale tabarma, gogan ya ce ai dattin ne yake fita.

Sannan ya juyo kan 'yan ƙoƙunan da aka aiko tare da injin. Ya ce rowar Turawa ce kawai, wannan ko ɗan tsako ba zai ƙosar ba, balle baƙon Alhaji. Ya zaro wuƙa ya farke su kaf, ya juye garin cikin ruwan, ya bi da sukari, ya gauraya da sukudireba.

Bayan la'asar Malam Siddiq ya iso, aka gaisa, aka ba shi kofi ya riƙe. Ɗantsoho ya danna maɓalli. Inji ya yi gurnani, ya yi tari, shiru. Alhaji ya dube shi, irin kallon da yake yi wa bijimi mai ciwon ƙafa. Injiniya ya ga Khairiyya tana suɓuce masa yana ji yana gani.

"Iska ce, Alhaji," in ji shi. "Duk injin duniya ƙanen injin ban ruwa ne."

Gaskiya ɗaya tak da ya faɗa ke nan tun safe, kuma ita ta kai shi ƙasa. Ya durƙusa, ya kafa baki a hancin inji, ya zuƙa da duk ƙarfinsa. Iska kuwa ta fita! Tafasasshen kunun tsamiya da kanwa da gahawa ya biyo ta, bai zame ko'ina ba sai bakin Injiniya. Ya yi tsalle, hula ta yi gabas, sifana ta yi yamma. Inji ya yi tari na ƙarshe ya mutu. Kafin a kawo ruwan sanyi leɓensa ya kumbura suntum, bakin da ya ishi tasha ya kasa ko da sannu.

Malam Siddiq ya leƙa busasshen kofinsa, ya ce, "Ikon Allah. Mu dai a Damagaram a kofi muke tarawa."

Bayan labule wata dariya ta ƙwace. Alhaji ya gyara zaman hularsa, ya ce, "Dama an ce na mutum ɗaya ne, ga shi kai ka sha. Ka gaya wa magabatanka su yi zamansu. Ba sauri, Injiniya, sai bakin ya sauka."